Ƙanƙara A Ajin Yara: Yadda Malaman Ƙasashen Sanyi Ke Mai Da Hunturu Darasi

A ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin duniya, irin su Finlan da Suwidin da Norwe da Kanada da arewacin Japan, tun daga wajen watan Disamba har zuwa Maris ƙasa takan lulluɓe da farar dusar ƙanƙara, tafkuna su daskare, rana ta riƙa fitowa a makare tana faɗuwa da wuri. A Helsinki, babban birnin Finlan, yinin da ya fi kowane gajarta bai cika sa'a 6 ba. A garin Tromso na Norwe kuwa akan yi kusan wata 2 ba a ga ƙwayar rana ba. Wanda ya saba da hunturun ƙasar Hausa, inda sanyin asuba kaɗai kan sa yara su isa makaranta a makare, zai zaci a irin wannan hali sai dai a rufe makarantun ƙananan yara, ko a tsare su a ɗaki har sanyi ya wuce.

Malaman makarantun renon yara da na ƙananan azuzuwan firamare a can sun ɗauki wannan lokaci a kan wata babbar dama. Abin da sama ta zubo musu kyauta a bakin ƙofa shi suke ɗebowa su kai aji, ko kuwa su fita da ajin zuwa gare shi, yara masu shekara 3 zuwa 7 su taɓa, su auna, su narkar, su sake daskarar da shi. Ta haka yaro ke fara cin karo da ilmin kimiyya da lissafi tun bai iya rubuta sunansa ba. Yana da kyau ma'aikatan ilmi da ɗaliban kwalejojin horon malamai su san yadda ake gudanar da wannan aiki, domin akwai abin ɗauka a cikinsa ko ga ƙasar da ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.

Ƙanƙara iri uku

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya bambance abu uku da Bahaushe ya haɗa a kalma ɗaya. Akwai ƙanƙarar da kan zubo tare da hadari a farkon damina, wadda mutanen Jos da kewaye suka sani sarai, ita ce mai kama da tsakuwa, mai ɓata amfanin gona. Akwai ƙanƙarar firji, watau ruwan da aka daskarar. Sai kuma dusar ƙanƙara, mai laushi kamar auduga, wadda ke saukowa a hankali ba tare da ƙara ba. Ita wannan ta ukun, tururin ruwa ne da ke cikin gajimare yake daskarewa kai tsaye a jikin wata 'yar ƙwayar ƙura, ba tare da ya fara zama ɗigon ruwa ba. A nahiyar Afirka ana samunta a kan manyan duwatsu irin su Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, kuma ta taɓa zuba a garin Ain Sefra da ke bakin Sahara a Aljeriya cikin 1979, ta sake zuba a 2016.

Asalin koyarwa da hannu

Wannan hanyar koyarwa tana da tsohon tarihi. Wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, shi ne ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara sunan da ke nufin lambun yara cikin 1840, bisa ra'ayinsa na cewa yaro kamar shuka yake, kuma wasa shi ne babban aikinsa. Daga baya wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum cikin 1907, inda ta nuna cewa abin da hannun yaro ya taɓa ya fi zama a kansa bisa ga abin da kunnensa kaɗai ya ji.

Mutanen arewacin Turai sun ɗauki wannan ra'ayi sun fita da shi waje. A Denmak, cikin shekarun 1950, aka fara makarantun renon da yara ke yini a daji. A Suwidin, cikin 1985, aka buɗe wata makaranta a tsibirin Lidingo kusa da Stockholm, wadda sunanta ke nufin ko ana ruwa ko ana rana, daga baya irinta suka yaɗu a ƙasar. A Finlan yaro ba ya shiga aji ɗaya sai shekarar da zai cika 7, kuma tun 2015 aka wajabta masa shekara ɗaya ta share fage kafin nan, wadda galibinta wasa ne mai manufa. Saboda haka malamar irin wannan aji ba ta jiran yaro ya iya karatu kafin ta fara nuna masa yadda duniya ke aiki.

Rassa shida

Darasin da aka fi farawa da shi mai sauƙi ne ƙwarai. Malama takan ajiye baƙar takarda ko baƙin ƙyalle a waje har ya yi sanyi, domin idan da ɗumi a jikinsa dusar za ta narke da zarar ta sauka. Sa'ad da dusa ta fara zuba sai kowane yaro ya fita da nasa ya tara, sa'an nan ya duba da gilashin nan mai ƙara girman abu, yana kau da numfashinsa gefe don kada hucin bakinsa ya narkar da abin da ya kama. Sai a ce ya ƙirga rassan kowace ƙwaya. Wannan ya ce shida, wancan ma ya ce shida. Siffofin sun sha bamban, wata kamar tauraro, wata kamar fure, wata kamar faranti, amma lissafin bai canja ba.

Tambayar da yaran kan yi a nan, watau me ya sa kullum shida, ita ce tambayar da shahararren masanin taurarin nan Johannes Kepler ya yi a wani ɗan littafi da ya rubuta cikin 1611, bai kuwa sami cikakkiyar amsa ba. Sai bayan ƙarni uku aka tabbatar cewa ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwa, idan za su daskare, sukan jeru ne a tsari mai kusurwa shida. Malamai kan ba yara labarin Wilson Bentley, wani manomi na ƙauyen Jericho a Jihar Vermont ta Amurka, wanda ya haɗa kyamara da madubin likita ya ɗauki hoton ƙwayar dusa cikin 1885, ya ci gaba har ya tara hotuna fiye da 5,000 kafin rasuwarsa a 1931, bai kuwa sami biyu da suka yi daidai da juna ba. A Japan kuma, Ukichiro Nakaya na Jami'ar Hokkaido ya haɗa ƙwayar dusa a ɗakin bincike cikin 1936 a kan silin gashin zomo, ya nuna cewa yawan sanyi da yawan laimar iska su ne ke yanke irin siffar da za ta fito.

Idan aka koma aji sai a raba farar takarda da almakashi. A nan ne lissafi ke shigowa ba tare da an ambaci sunansa ba. Yaron da ya ninka takardarsa gida huɗu zai sami rassa huɗu ko takwas, sai malama ta tambaye shi ko ya ga irin wannan a waje. Dole ya koyi ninka rabi, sa'an nan ya kasa rabin gida uku, kafin ya sami shida. Ya koyi rabi da sulusi ke nan da yatsunsa, ya kuma gane cewa abin da ya yanke a gefe ɗaya shi zai bayyana a kowane gefe.

Kwalba cike da dusa

Darasi na biyu ya fi kowane ba yara mamaki. Kowane rukuni zai cika kwalba da dusa har baki a kawo cikin aji. Kafin ta narke, malama takan tambayi kowa inda yake zaton ruwan zai tsaya, ta ba shi zare ko alli ya sa alama. Galibin yara kan sa alamarsu kusa da bakin kwalba, domin a ganinsu abin da ya cika kwalba dole ya bar ta a cike. Bayan 'yan sa'o'i sai a tarar da ɗan ruwa kaɗan a gindi. A bisa ƙiyasin da aka saba, dusa mai zurfin santimita 10 ruwan santimita ɗaya kawai take bayarwa, ko da yake ya danganta da laushinta. Saura duk iska ce da ta maƙale a tsakanin ƙwayoyin.

Daga nan malama ke da hanyar bayyana dalilin da ya sa mutanen Inuwit na arewacin Kanada suka iya gina ɗakin farauta da tubalin dusa su kwana a ciki, da dalilin da ya sa ƙananan dabbobi irin su ɓeraye ke haƙa ramuka a ƙarƙashinta su wuce hunturu. Iskar da ke tsare a ciki tana hana ɗumi fita, kamar yadda audugar bargo ke yi.

Ba a zubar da ruwan da ya narke. Akan tace shi da farin ƙyalle, sai ga baƙin datti ya fito daga abin da kowa ya rantse fari ne fat. Malama ba ta bukatar yin dogon wa'azi a kan kada a ci dusar da aka ɗebo a ƙasa. Ƙyallen ya riga ya yi mata.

Ruwan da ke kumbura

Da yamma kafin a tashi, sai a juya gwajin. A cika kwalbar roba da ruwa, a sa alama a inda ya tsaya, a ajiye a waje ta kwana. Da safe za a ga ƙanƙarar ta wuce alamar, wani lokaci ma ta ture murfin ko ta tsaga kwalbar. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili na ma'aunin Salsiyos, kuma idan ya daskare yakan ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100. Wannan ya saɓa wa yawancin abubuwa, waɗanda kan tsuke idan sun yi sanyi.

Yaro ɗan shekara 5 ba zai riƙe wannan adadi ba, kuma ba a nemi ya riƙe ba. Abin da zai riƙe shi ne abin da ya gani, kuma shi zai fassara masa abubuwa da yawa da ke kewaye da shi: dalilin fashewar bututun famfo a hunturu, da dalilin tsagewar duwatsu da kwalta idan ruwa ya shiga ƙofofinsu ya daskare. Idan aka jefa ƙanƙarar cikin kwano mai ruwa sai ta taso, kusan kashi 9 cikin 10 nata a nutse, kaɗan a sama. Da yake ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, tafki daga sama yake daskarewa, ruwan ƙasa ya zauna a wajen digiri 4, kifi su ci gaba da rayuwa har sanyi ya wuce. Da a ce ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkunan ƙasashen sanyi sun riƙa daskarewa daga gindi, abin da ke cikinsu ya halaka.

A Finlan akwai wata al'ada da yara ke so wadda ta dogara ga wannan hali na ruwa. A cika bokiti a bar shi a waje dare ɗaya. Gefe da sama za su daskare, tsakiya tana nan ruwa. Da safe a kife bokitin, a huda, a tsiyaye ruwan, sai a sami wani ƙoƙo na ƙanƙara garai-garai kamar gilashi. A sa kyandir a ciki a ajiye a bakin ƙofa, ya zama fitila a cikin dogon duhun hunturu.

Gishiri da zare

Akwai wani wasa da malamai kan gabatar kamar dabo. A sa ƙanƙara a kofin ruwa, a ba yaro zare a ce ya ɗago ta ba tare da ya ɗaure ko ya taɓa da hannu ba. Zai yi ta fama ya kasa. Sai a kwantar da zaren a kanta, a barbaɗa gishiri kaɗan, a ƙirga har sittin. Da an ja zaren sai ƙanƙarar ta biyo shi. Gishirin ya narkar da saman ƙanƙarar, zaren ya shige, sa'an nan ruwan ya sake daskarewa a kansa.

Dalili shi ne ruwan gishiri ba ya daskarewa a sifili, sai an ƙara masa sanyi. Ruwan teku sai ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili, ruwan da aka cika wa gishiri ƙwarai kuwa yana iya kaiwa digiri 21 ƙasa da sifili bai daskare ba. Yaran sun saba ganin manyan motoci suna watsa gishiri a titunan garinsu da asuba, yanzu sun san amfaninsa. Akan faɗaɗa darasin da babbar ƙanƙarar da aka daskarar a cikin balan-balan: a yayyafa mata gishiri, a ɗiga kalar abinci, sai launin ya bi ramukan da gishirin ya haƙa, yaran su ga hanyoyin da idonsu ba zai gani ba in ba don launin ba. Wasu malamai kan kammala da haɗa askirim. A zuba madara da sukari a ƙaramar leda a ɗaure, a sa ta cikin babbar leda mai ƙanƙara da gishiri, yara su yi ta girgizawa. Cikin minti goma ko sha biyar madarar ta daskare, domin haɗin gishiri da ƙanƙara ya fi ƙanƙara zalla sanyi.

Shin riga tana da zafi?

Wata tambaya da ta shahara a littattafan horon malamai ita ce: idan aka gina mutum-mutumin dusa aka sa masa rigar sanyi, zai fi saurin narkewa ko kuwa zai fi daɗewa? Kusan duk yara, har da manya da yawa, sukan ce zai fi saurin narkewa, tun da riga tana sa zafi. Sai a gwada a cikin aji da ƙanƙara biyu masu girma ɗaya, a naɗe ɗaya da safar ulu, a bar ɗaya a fili. Wadda aka bari a fili ita ke fara zama ruwa. Riga ba ta da wani zafi nata na kanta. Aikinta tare hanya ne: a jikin mutum ta hana ɗuminsa fita, a jikin ƙanƙara ta hana zafin ɗaki shiga.

Wani ɗan kasuwa na birnin Boston, Frederic Tudor, ya yi arziki da wannan sani. Ya fara kai ƙanƙarar tafkunan Amurka tsibirin Martinik a jirgin ruwa cikin 1806, ya yi ta hasara har aka gano amfanin rufe ta da dusar katako. A 1833 ya ɗora tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, tafiyar wata 4 da ta ratsa yankin zafi, kimanin tan 100 ya isa lafiya. Mai sayar da ƙanƙara a kasuwannin Kano ko Sakkwato da ke lulluɓe hajarsa da buhu da dusar katako a tsakiyar bazara, wannan ilmin yake aiki da shi.

Gwaje-gwaje biyu kan biyo baya. Na farko, a shafa kitse mai kauri tsakanin leda biyu a yi safar hannu, yaro ya sa hannu ɗaya a ciki, ɗayan a leda zalla, ya tsoma duka biyun a ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci. Nan take zai gane yadda kitsen da ke ƙarƙashin fatar manyan dabbobin teku ke kare su. Na biyu, a shimfiɗa baƙin ƙyalle da fari a kan dusa ranar da rana ta fito. Benjamin Franklin ya bayyana irin wannan gwaji a wata wasiƙa cikin 1761: baƙin ya nutse sosai saboda ya sha zafin rana ya narkar da abin da ke ƙarƙashinsa, farin kuwa yana nan a sama.

Gini da bin sawu

Ba duk aikin ne na awo ba. Yara kan haɗu su mirgina dusa su yi gini, inda suke koyon shawara da rabon aiki, suna kuma gano cewa busasshiyar dusa ta tsananin sanyi ba ta dunƙuluwa, sai mai ɗan laima. Sukan bi sawun tsuntsaye da zomaye da safe su zana a takarda. A lardin Kebek na Kanada akan tafasa ruwan zaƙin bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar ƙasar, a zuba a kan tsabtatacciyar dusa, ya daskare ya zama alewa. Irin wannan wasa kan girma ya wuce makaranta. Bikin dusar ƙanƙara na birnin Sapporo a Japan, wanda ke tara mutane kimanin miliyan 2 a wasu shekaru, ya samo asali ne cikin 1950 daga gumaka 6 da 'yan makaranta suka gina a wani dandali na tsakiyar birnin.

Duk wannan yana tafiya da tsauraran ƙa'idoji. Ana sa wa yara tufafi hawa-hawa, a duba yatsu da kunnuwa da kumatu don kada sanyi ya ƙone su, a canja safar da ta jiƙe. Ana gargaɗinsu kada su sa harshe a jikin ƙarfe mai sanyi domin zai manne, kada kuma su hau kan tafki sai babba ya tabbatar da kaurin ƙanƙararsa. Ba a barin gishiri da ƙanƙara su daɗe a kan fata, domin suna iya yin rauni kamar ƙuna. Idan sanyi ya wuce iyakar da hukumar makaranta ta yanke, sai a ɗebo dusar a baho a yi aikin a cikin aji.

Aikin malama

Wanda ya lura da waɗannan darussa zai ga tsarinsu ɗaya ne. Malama ta kawo tambaya. Yaro ya faɗi zatonsa a gaban kowa. A gwada. A duba abin da ya faru, a zana shi ko a ba da labarinsa. Abin da ya fi wuya ga malamar shi ne ta kame bakinta kada ta ba da amsa kafin lokaci, kada kuma ta kunyata wanda zatonsa bai yi daidai ba. Yaron da ya sa alamarsa a bakin kwalba ya dawo ya ga ruwa a gindi ya fi wanda aka gaya wa amsa ƙaruwa, domin shi da kansa zai nemi sanin inda sauran ya tafi. A cikin haka ne kalmomi irin su narke, daskare, nutse, taso, nauyi da rabi ke shiga bakinsa tare da ma'anarsu.

Abin lura kuma shi ne fiye da rabin waɗannan gwaje-gwaje ba sa bukatar dusa ko kaɗan. Ƙanƙarar firji ta isa.

Abin da ya shafi ƙasar nan

Manufar Ilmi ta Ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta fitar cikin 1977, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, ta tanadi cewa a koyar da yaran da ba su kai shiga firamare ba ta hanyar wasa, a kuma cusa musu son bincike ta hanyar lura da abubuwan da ke kewaye da su. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin abin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Watau a takarda, abin da malamar Finlan ke yi shi ne abin da aka ce malamar Katsina ta yi.

Sai dai duk wanda ya wuce ta gefen tagar ajin yara a garuruwanmu ya san abin da ya fi ji shi ne amshi: malami ya faɗa, yara su maimaita. A waɗansu makarantu masu zaman kansu ma akan tarar da yara suna haddace lokutan shekara huɗu na Turai daga littattafan da aka shigo da su, suna shafa launi a hoton mutum-mutumin dusar da ba su taɓa gani ba, alhali ba a tambaye su bambancin bazara da damina da kaka da hunturu ba. Kwaikwayon hoton ƙanƙara ba shi ne abin koyi daga ƙasashen sanyi ba. Abin koyi shi ne yadda suka mai da yanayin garinsu kayan aiki.

Kayan kuwa suna nan. Ƙanƙarar leda guda biyu ko uku daga mai shago, da gishiri, da zare, da tsumma, sun isa a yi darasin zare da na riga da na taso-ko-nutse ga aji guda, ko makarantar ba ta da wutar lantarki. Hunturun ƙasar Hausa kuma yana da nasa darussan. A jiƙa ƙyalle biyu, a shanya ɗaya a iska, a sa ɗaya a rufaffiyar leda, a tambayi yara inda ruwan na farko ya tafi, daga nan a kai ga dalilin tsagewar leɓe da kaushin ƙafa. A shafa man shafawa a farar takarda a rataye a waje kwana ɗaya, a ga ƙurar da ta kama, wadda da yawanta iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. A zuba ruwa a randa da kuma a bokitin roba, da azahar yara su tsoma yatsa su faɗi wanda ya fi sanyi.

Wannan gwaji na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya ɗauki sanin nan na randa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya samar wa manoman karkara hanyar adana tumatir da ganyaye kwanaki da dama ba tare da lantarki ba, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex cikin 2000. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke tafiya da zafin.

Matsalolin sanannu ne: cunkoson yara a aji, da ƙarancin malaman da aka horar musamman don wannan mataki, da iyayen da ke auna ƙwazon makaranta da yawan abin da yaro ya haddace. Amma ana iya kasa aji rukuni-rukuni. Abin da ya rage yana hannun kwalejojin ilmi da masu duba makarantu. Idan aka sa wa ɗalibin da ya fita aikin koyarwa na gwaji sharaɗin ya gudanar da ko da darasi ɗaya da yara za su yi zato, su gwada, su gani da idonsu, kuma mai duba makaranta ya riƙa tambayar abin da yara suka taɓa da hannunsu a wannan mako tare da abin da suka rubuta a allo, to, tanadin da aka rubuta tun 1977 zai fara bayyana a cikin aji.